Gran Turismo 4 a PCSX2: gem ɗin yana nauyi idan motoci suka taru, ina matsalar take?

Direban_Dare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu ilimin emuleta ku taimaka min, yau kwana huɗu kenan ina kan abu ɗaya.

Ina da PlayStation 2 (PS2) tun ina yaro kuma duk cikin faifan da nake da su babu wanda ya ci lokacina irin gem ɗin tseren mota Gran Turismo 4 (GT4), har yanzu idan na rufe ido ina iya ganin kwanonin hanyar tseren Trial Mountain ɗaya bayan ɗaya. To idon na'urar ya fara gajiya, wasu faifan yana karantawa amma wannan kam sai dai ka ji yana ta juyi ƙyat ƙyat ƙyat daga ƙarshe ya mayar da ni allon farko, wani ya ce min wai saboda faifan mai hawa biyu ne shi ya sa ido mai rauni ba ya iya shi. Shi ne na kwafe faifan nawa zuwa fayil ɗin ISO a kwamfuta, na ciro BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar, daga PS2 ɗin tawa, na saka PCSX2 1.6.0, emuletar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi PS2.

Laftof ce, firosesa mai koa 4, RAM 8GB, akwai katin girafik na daban mai 4GB. Hannun da nake amfani da shi na zamani ne irin mai USB.

Gem ɗin yana tashi lafiya, cikin menu ba matsala, idan ni kaɗai ne a kan hanya ma ba laifi. Amma da zarar an ce tsere ne motoci shida sun jeru a layi sai komai ya yi nauyi kamar ana tafiya cikin ruwa, ƙarar injin ma sai ta miƙe ta yi kauri, sai motocin sun watse sannan ya ɗan saki. Bayan haka hoton yana rawa sama da ƙasa, musamman rubutu, minti ashirin idona ya fara ciwo. Sannan abin da ya fi ci min rai, duk motar da ƙarfinta yake a tayoyin baya ina fitowa daga kwana ina taka totur sai ta juya da ni, jarabawar lasisin cikin gem ɗin da na ci ina ɗan shekara 13 yanzu na kasa.

Na bi wani bidiyo na ja wasu sanduna biyu a wurin setin gudu, lambar saman sikirin ta nuna ta cika amma motar sai ta koma tsalle-tsalle. Ko laftof ɗin ce ba za ta iya ba in haƙura kawai? Na gode.

Tsohon_Hannu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka haƙura, na'urar da ka faɗa ina kyautata zaton za ta ɗauki GT4, kawai dai matsala uku ka haɗa kake ganinsu kamar guda ɗaya. Zan yi magana a kan nauyin, shi na fi sani.

Farko ka ajiye 1.6.0 ɗin nan. Tun 2020 ta fita, daga lokacin zuwa yanzu an kusa sake gina emuletar gaba ɗaya, a Yulin 2024 aka fitar da 2.0 kuma ita ce ta zo da Vulkan, wata hanyar miƙa aikin zane ga katin girafik, aka cire tsarin fulogin ɗin nan da yake rikita mutane, sannan tana da kundin gemomi a cikinta wanda da ta gane lambar faifanka za ta saka masa gyaran da yake buƙata da kanta ba sai ka taɓa komai ba. Mafi yawan bidiyon da ke yawo na tsohuwar ne, shi ya sa idan ka bi su kake ƙara dagula abin. Ka ɗauko sabuwa daga shafinsu na asali, kyauta ce. BIOS ɗinka zai yi aiki, fayil ɗin memori kad ma zai yi, wanda ake kira Mcd001.ps2, ka kwafe shi zuwa foldar sabuwar.

Sandunan da ka ja kuwa ka mayar da su yadda suke. Abin da suke yi shi ne rage wa firosesar PS2 ta bogi aiki ko sa ta tsallake wani aikin, sai lamba ta nuna maka 100% alhali shi gem ɗin a cikinsa hotunan da yake zanawa sun ragu. A gem ɗin da ake tafiya a hankali mutum zai iya jurewa, a tseren mota kuwa ba ya yiwuwa, shi ne tsallen da ka gani.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya riƙa yi kafin ya taɓa kowane seti. Ka kunna bayanan da ke fitowa a kusurwar sikirin, ka sa ya nuna gudu da kuma nauyin firosesa, za ka ga EE da GS da VU kowanne da kasonsa. Ka shiga tseren, ka tsaya a layin farawa inda yake nauyin, ka duba wanne ne ya kai 99 ko 100. Wannan shi ne wanda ya shaƙe, sauran jiransa suke yi.

Dalilin da ya sa haka: PS2 ba guntu ɗaya ba ce. Akwai Emotion Engine mai gudun kusan 295MHz, shi ne EE, yana lissafin motsin motoci da tunanin direbobin kwamfuta. Akwai VU0 da VU1 masu lissafin siffofi, kusurwoyin jikin mota da na hanya. Sai Graphics Synthesizer mai zane, shi ne GS, memorinsa 4MB kacal amma yana da saurin shige da fice na ban mamaki a zamaninsa, kuma mutanen Polyphony Digital da suka yi GT4 sun matse shi iya matsewa a wannan gem ɗin. Mutane suna mamaki wai ya za a ce na'urar shekarar 2000 mai RAM 32MB ta wahalar da kwamfutar yanzu, to ai kwamfutarka ba gudanar da gem ɗin take kai tsaye ba, fassara take yi, duk umarnin da aka rubuta da yaren waɗancan guntayen sai ta juya shi zuwa nata yaren nan take, kuma dole dukkansu su tafi a tare babu mai wuce wani. Aikin EE a kan koa ɗaya yake tafiya, ba ya rabuwa, shi ya sa ƙarfin koa ɗaya ya fi yawansu muhimmanci a nan. Mota ɗaya a hanya lissafi ɗaya ne, motoci shida a gabanka lissafi shida ne da siffofi shida, ka ga dalilin da ya sa a layin farawa yake kama ka.

Idan EE ko VU ne ya cika, rage kyan hoto ba zai amfane ka da komai ba, maganar firosesa ce, ka tabbatar setin MTVU a kunne yake don shi ne yake ɗauke VU1 ya kai shi wani koa daban, ka rufe burauza da duk wani abu da ke aiki a baya. Idan kuma GS ne ko katin girafik ya cika to nan ne za ka sauko da girman zane, ka fara daga 2x wanda ya yi kusan 720p, in ya tsaya daram ka hau 3x kusan 1080p. Sama da haka a sikirin laftof wallahi wahalar da kati ne kawai.

Abu na ƙarshe kuma shi nake zargi a wurinka: laftof mai kati biyu. A shafin girafik na emuletar akwai wurin zaɓar katin da za a yi aiki da shi, ka duba sunan da ke wurin, sau da yawa ƙaramin na cikin firosesa ne yake ta fama shi kaɗai babban yana zaune.

Ka gwada ka dawo mana da lambobin.

MaiSitiyari

Malam Tsohon_Hannu ya gama magana a kan nauyi, ni bari in ɗauki maganar juyawar mota don ni ma ta taɓa cin raina sosai kafin na gano.

Ɗan'uwa hannunka bai lalace ba, tuƙinka yana nan. Hannun PS2 na asali, DualShock 2, madannansa suna jin nauyin yatsa, daga 0 har 255, wato X ɗin da kake takawa a matsayin totur idan ka danna a hankali rabin mai yake bayarwa, murabba'in ma haka yake a birki. Kana yaro yatsanka ya koyi wannan ba tare da ka ma sani ba, kana fitowa daga kwana kana ƙara nauyi kaɗan kaɗan. Hannayen yanzu kuwa madannan gaban nan ko a kunne ko a kashe ne, babu tsakiya, kana taɓawa emuleta za ta ce wa gem ɗin an taka har ƙasa. Mota mai ƙarfi a baya tana tsakiyar kwana a giya ta biyu ka ba ta mai gaba ɗaya lokaci guda, ai dole ta juya.

Maganin yana cikin setin hannu na emuletar. Wurin X ka ɗaura masa maɗaukin dama na bayan hannun, wanda ake ja kamar kunamar bindiga, wurin murabba'i ka ɗaura na hagu, su waɗannan suna da zurfi kuma emuletar tana miƙa zurfin ga gem ɗin a matsayin nauyin yatsa. Sai dai ka tuna R2 da L2 su ne giya a tsarin gem ɗin na asali, don haka sai ka mayar da su kan wasu madannan, ni a kan na gaba na sa su inda babban yatsa yake tunda ya samu hutu. Kuma kana iya ɗaura abu biyu a kan X ɗin don kar ka riƙa jan maɗauki a cikin menu. Ka yi wannan a matsayin tsari na GT4 kaɗai kar ya shafi sauran gemominka.

Ranar da na fara gyara wannan na shiga Tsukuba da wata tsohuwar mota mai jan baya, a kwanar ƙarshe mai tsawon nan na riƙe maɗaukin a rabi ina kallon alamar totur a sikirin tana tsaye a tsakiya, ina jin bayan motar yana son fita amma bai fita ba, ina ƙarawa a hankali har na miƙe. Na daɗe ban ji daɗin gem irin na ranar ba.

In Allah ya hore maka sitiyari nan gaba kuma to wannan wata duniya ce. An gina GT4 da Driving Force Pro na Logitech a zuciya, mai juyawa digiri 900, kuma PCSX2 tana iya nuna wa gem ɗin cewa irinsa aka jona a ramin USB ko da naka wani iri ne, har da jijjigar da sitiyarin ke mayar maka a hannu.

Sabon_Taya

nidai abinda zan ƙara, ka jona caja kafin ka fara. laftof idan tana kan batir rage ƙarfin firosesa takeyi da kanta, kuma ka duba tsarin wuta ka saka shi a mafi ƙarfi. sannan zafi, idan kaga farkon wasa lafiya sai bayan minti goma ya fara nauyi to zafi ne, kar ka ɗorata akan katifa ko cinya, ɗaga bayanta iska ta shiga, in ta daɗe ba'a share fankar ba a share. nawa haka ya dinga min na ɗauka emuleta ce ashe ƙura ce ta toshe

rawar hoton kuma ka shiga setin gem ɗin kansa ka mayar dashi 480p zai daina

Direban_Dare

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi ban zaci zan samu bayani haka ba.

Na sauko da sabuwar, na kwafe memori kad ɗin ya karanta lafiya. Oga Tsohon_Hannu zarginka ya tabbata, ƙaramin katin ne aka zaɓa. Kafin na canza na tsaya a layin farawa na Grand Valley na duba kamar yadda ka ce, GS ne a cike EE kuma bai kai ba, da na mayar da shi kan babban katin na sa Vulkan da 2x sai gudun ya tsaya a 100% har motoci shidan suka shiga kwanar farko tare bai motsa ba. Na hau 3x ma ya riƙe. Cajar ma na jona.

Maganar totur kuwa MaiSitiyari Allah ya biya ka, lasisin da ya hana ni barci na ci shi a gwaji na uku.

Saura biyu. Sabon_Taya na duba ko'ina a setin gem ɗin ban ga 480p ba. Sannan lambar hotuna tana nuna min 50 ne ba 60 ba duk da gudun yana cewa 100%, ko har yanzu akwai abin da ya rage?

Tsohon_Hannu

Madalla, na ji daɗi. Amsar tambayoyinka biyu guda ɗaya ce: faifanka na Turai ne, PAL. Duba jikin faifan za ka ga lambarsa ta fara da SCES, na Amurka da SCUS yake farawa. Talabijin ɗin tsarin PAL sau 50 yake sabunta hoto a daƙiƙa, na NTSC kusan 60, don haka 50 ɗin da kake gani shi ne cikakken gudun naka, babu abin da ya rage, kar ka je ka ƙara gudun emuleta don ka kai 60 agogon tseren ma zai yi sauri kuma lokutan lasisi su rikice maka. Abin da Sabon_Taya ya faɗa gaskiya ne amma a na Amurka, shi ne yake da 480p har da 1080i, na Turai da ya fito a Maris 2005 ba a sa masa ba.

Ita rawar daga yadda tsofaffin talabijin suke zane ta samo asali. Ba sa zana hoto gaba ɗaya, layukan mara suke zanawa a zagaye ɗaya sannan na cika a zagaye na gaba, a gilashin tsohuwar talabijin ido yana haɗe su ba ka lura, a sikirin kwamfuta kuwa sai ka ga hoton yana hawa da sauka da layi ɗaya. Emuletar tana da hanyoyin haɗe su, a bar shi a kan na atomatik yawanci ya isa, in bai yi maka ba danna F5 kana cikin wasa zai riƙa zagaya hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a kan rubutu ka ga wanda ya fi kwanciya a idonka. Wasu suna kashe rawar amma su ɗan dusashe hoton, zaɓi ne. Ka kuma danna dama a kan gem ɗin a jerin ka shiga shafin facinsa ka ga abin da aka tanadar wa naka bugun. Kuma duk lokacin da ka ga wani abu a hoto kana shakkar ko haka yake a asali, F9 zai mayar da zanen kan firosesa zalla, zai yi nauyi kuma ba kyau amma shi ya fi kusa da abin da PS2 take nunawa, ka kwatanta ka dawo.

Wani abu da masu tsere ya kamata su damu da shi fiye da kyan hoto shi ne jinkiri tsakanin yatsa da sikirin. Yi lissafi, mota a kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a daƙiƙa, a hoto 50 kenan kowane hoto ɗaya ya fi mita ɗaya. Jinkirin hoto uku ya isa ya sa ka wuce wurin birkinka da tsawon ƙaramar mota. In ka jona da talabijin ka sa ta a yanayin gem, in kuma ka ji sitiyarin yana biyo ka a baya ka gwada kashe Vsync, setin da ke sa hoto ya jira zagayen sikirin, ka gani.

Sai gargaɗi ɗaya da nake yi da gaske. F1 tana ajiye maka daidai inda kake, F3 ta dawo da kai, yana da daɗi, amma kar ka mayar da shi ma'ajiyarka. Irin wannan ajiyar hoton cikin emuletar ne gaba ɗaya, idan aka sabunta ta yana iya ƙin buɗewa. Ka riƙa ajiyewa a memori kad ta cikin gem ɗin kamar da, kuma lokaci lokaci ka kwafi fayil ɗin ka kai wani wuri. Gem ne mai motoci sama da 700, mutum yana zuba watanni a garejinsa.

MaiSitiyari

A nan kam ina da ɗan bambanci da kai malam, ba a kan memori kad ba, wannan gaskiya ne. Amma F1 tana da ranarta. Tseren awa 24 na Nürburgring da na Sarthe fa? A PS2 ko dai ka bar na'ura a kunne kwana da yini ko ka miƙa wa direban kwamfuta na B-spec ya yi ta yi a ninki uku kana kallo. Ni da kaina nake so in tuƙa, awa ɗaya yau awa biyu gobe, ina shiga wurin canza taya sai in ajiye in kashe kwamfuta. Kawai dai ba na sabunta emuletar sai na gama tseren. Wanda ban yarda da shi ba shi ne a ajiye kafin kowace kwana ana komawa, wannan kam lokacin da ka samu ba naka ba ne.

Sabon_Taya

haka ne nawa na Amurka ne shiyasa, afuwan. tunda ana maganar, GT5 ko GT6 fa zasu yi a irin laftof ɗinsa?

Tsohon_Hannu

MaiSitiyari na karɓa, a tseren dogon zango hujjarka ta fi tawa.

Sabon_Taya waɗannan na PS3 ne, emuletar RPCS3 ake buƙata, kuma firosesar Cell ta PS3 nauyinta ya yi wa na PS2 nisa sosai, koa 4 na laftof zai sha wuya. In yana son ƙari a na'urarsa gara ya koma baya, GT3 na 2001 a wannan emuletar dai, ko GT2 a DuckStation, ko na PSP na 2009 a PPSSPP, duk za su tafi masa cikin sauƙi.

Direban_Dare wani abu ya faɗo min. Ka ce da kanka ka ciro BIOS, kenan PS2 ɗinka tana iya buɗe uLaunchELF, manhajar kwafe fayiloli a PS2. In tsohon memori kad ɗinka na gaske yana nan, ka buɗe shi ta ciki ka kwafo ajiyar GT4 ɗin zuwa filasha a tsarin psu, sannan a kwamfuta ka shigar da ita cikin kad ɗin emuleta da ƙaramar manhajar mymc. Tunda faifan ɗaya ne lambar za ta dace. Ka fara kwafe Mcd001.ps2 gefe kafin ka taɓa shi, kuma emuleta tana rufe.

Direban_Dare

Oga ban san me zan ce maka ba. Kad ɗin yana cikin kwalin na'urar duk shekarun nan, jiya da daddare na yi yadda ka ce, da farko ya ƙi shiga ashe sabuwar ajiyar da na fara ce take wurin da suna iri ɗaya, na goge ta daga kwafin sannan ya karɓa. Na tashi gem ɗin na shiga gida na buɗe gareji, motocina suna nan yadda na bar su, har da shuɗiyar Skyline ɗin da na fara tara kuɗi na saya a wurin motocin hannu, da setin giyar da na yi mata da kaina. Na daɗe ina kallon jerin kafin na zaɓi ɗaya.

Na fita da ita Nordschleife, doguwar hanyar Nürburgring, kilomita 20 da ɗoriya, gudun bai sauka daga 100% ba ko sau ɗaya. Rawar rubutun ta ragu sosai da F5, saura kaɗan a menu kawai kuma zan iya zama da ita. Na fita hanya sau biyu a zagayen don na manta wasu kwanonin tsakiya, yau da daddare zan koma.

MaiSitiyari idan na tashi neman sitiyari zan buɗe sabuwar tambaya, dan Allah ka leƙo.